Babu Sauran Uzurin Barin Shafin Intanet Ba Kwaɗo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina neman alfarmar ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi sana'ata, amma wanda illarsa ba ta tsaya a kan masu sana'ar kaɗai ba, domin takan faɗa wa duk wanda ya taɓa rubuta sunansa da lambar wayarsa a wani shafin intanet. Ni mai gina shafuka ne, kuma na daɗe ina kula da na makarantu da ƙananan 'yan kasuwa da ƙungiyoyi.

Kwanakin baya ɗan yayata ya kawo mini wayarsa in taimaka masa ya cike fom ɗin neman gurbin karatu a wata makaranta mai zaman kanta. Fom ɗin yana neman cikakken suna da ranar haihuwa da lambar shaidar ɗan ƙasa da hoto da lambobin wayar iyaye, sannan a ƙarshe ya ce mutum ya zaɓi kalmar sirri. Da na duba saman shafin sai na ga adireshin ya fara da http kawai, babu harafin s a ƙarshensa, kuma burauzar wayar ta rubuta gargaɗi ƙarara cewa shafin ba shi da tsaro. Na nemi wanda ke kula da shafin na kira shi, ya saurare ni cikin mutunci, amma amsar da ya ba ni ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ya ce, “Gaskiya ne yallaɓai, mun sani, sai dai ba a sa kuɗin satifiket ɗin a kasafin bana ba.” Ban ga laifinsa sosai ba, domin abin da aka gaya masa ya maimaita, kuma ba shi ne mutum na farko da na ji wannan magana daga bakinsa ba. Amma uzurin kuɗi a wannan fanni ya faɗi tun 2015. Satifiket ɗin, wato takardar shaidar tsaro da ake kira SSL, ana samunta kyauta, halastacciya, wadda kowace burauza ta zamani ta yarda da ita. Abin da ya rage yana hana shafukanmu samunta shi ne rashin wanda aka ɗora wa alhakin kula da ita.

Ga mai karatun da wannan ba fanninsa ba ne, bari in kwatanta da abin da kowa ya sani. Wanda ya ba direba saƙo a tasha domin a kai wani gari ya san saƙon zai bi ta hannaye da yawa: ɗan kamasho da direba da yaron mota da wanda zai karɓa a can. Idan takarda ce a buɗe, kowannensu yana iya karantawa, kuma wanda ya ga dama yana iya ƙara sifili a kan adadin kuɗin da aka rubuta. Haka bayani yake tafiya tsakanin waya da kwamfutar da shafi ke zaune a kanta, wadda muke kira uwar garke. Yana bi ta na'urar wayifai ta shagon intanet ko ta otal ko ta ofis, ya bi ta kamfanin sadarwa, ya ratsa wasu na'urori da dama kafin ya isa. A ƙarƙashin http duk wannan tafiya a buɗe ake yinta, har da kalmar sirri. A ƙarƙashin https kuwa ana ɓad da kamar rubutun tun daga wayar, ta yadda wanda ya tare shi a hanya ba zai ga komai ba sai tarin haruffa marasa ma'ana, kuma idan ya taɓa ko harafi ɗaya ɓangarorin biyu za su gane an taɓa.

Saura tambaya guda: ta yaya waya za ta tabbata cewa uwar garken da ta amsa mata ita ce ta gaske, ba wani ne ya tsaya a tsakani yana kwaikwayon muryarta ba? A nan takardar shaida take shigowa. Ɗan ƙaramin fayil ne mai ɗauke da sunan shafin da ranar da ya fara aiki da ranar da zai ƙare da wani mabuɗi na fili, tare da sa hannun wata hukuma da masu ƙera burauza suka amince da ita. Uwar garken tana riƙe da abokin wannan mabuɗi, wato mabuɗin sirri, wanda ba ya barin wurinta, kuma da shi take tabbatar da cewa takardar tata ce, sannan ita da wayar su ƙulla wani mabuɗi na wucin gadi domin wannan zaman kaɗai. Amincewar kuma hawa-hawa ce, kamar yadda mai unguwa ke sa wa mutum hannu, dagaci ya gaskata mai unguwa, hakimi ya gaskata dagaci. Wayar ta zo daga masana'anta da jerin manyan hukumomin da ta sani, su kuma suna sa wa na ƙasa da su hannu, na ƙasan su sa wa shafi. Wannan ba bayani ne na ado ba, domin ɗaya daga cikin kurakuran da na fi gani shi ne mutum ya ɗora takardar shafinsa kaɗai ya mance da ta tsakiya, sai shafin ya buɗe lafiya a kwamfutarsa amma ya ƙi a wayar wani.

Sunan SSL kansa tsohon suna ne da ya ƙi mutuwa. Kamfanin Netscape ne ya fito da tsarin a 1995, aka maye gurbinsa da TLS a 1999, kuma sigar da ake yayi yanzu ita ce TLS 1.3 ta 2018. Tsofaffin sigogin SSL an daina amfani da su saboda ramukan da aka gano a cikinsu, amma sunan ya zauna a baki, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo. Don haka idan mai gina shafi ya ce SSL, TLS yake nufi.

A da, gaskiya ne abin yana da tsada da wahala. Sai ka sayi takardar da dala daga wani kamfani na waje, ka nemi katin bankin da zai yarda ya biya, ka haɗa takardar buƙata da hannu, ka jira saƙon imel, ka ɗora, sannan bayan shekara ka sake duk wannan daga farko. Wannan ne ya sa wasu masana daga Mozilla, masu ƙera burauzar Firefox, da ƙungiyar Electronic Frontier Foundation da Jami'ar Michigan ta Amurka suka haɗu suka kafa wata hukumar ba da takardun shaida mai suna Let's Encrypt, a ƙarƙashin wata ƙungiya da ba ta neman riba, Internet Security Research Group. Sun sanar da shirin a Nuwamban 2014, suka fitar da takarda ta farko a Satumban 2015, suka buɗe wa kowa a Disamban wannan shekarar, kuma zuwa Fabrairun 2020 sun ba da takardu biliyan ɗaya. Kuɗin gudanar da ita yana fitowa daga gudummawar kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane. A daidai wannan lokaci Google ya matsa daga nasa ɓangaren: a 2014 ya sanar cewa https zai zama ɗaya daga cikin abubuwan da yake dubawa wajen jera sakamakon bincike, sannan daga Yulin 2018 burauzar Chrome ta fara yi wa duk shafin http tambarin rashin tsaro. Wannan tambarin ne ɗan yayata ya gani bai kula ba, domin ya saba ganinsa.

Yadda ake samun takardar ya danganta da inda shafin yake zaune. Mafi yawan shafukan makarantu da shaguna da ƙungiyoyi suna zaune ne a wurin kamfanonin da ke ba da hayar sarari, inda ake ba mutum allon sarrafawa irin su cPanel. A irin wannan wuri aikin bai wuce shiga sashen tsaro a nemi abin da ake kira AutoSSL ko maɓallin Let's Encrypt ba, a zaɓi sunan shafin, a danna. Sau da yawa ma kamfanin ya riga ya kunna, takardar tana nan zaune, mai shafin ne kawai bai juya masu ziyara zuwa https ba. Sharaɗi ɗaya ne tilas: sunan shafin ya riga ya nuna wannan uwar garken a rajistar sunaye ta DNS, wadda ke haɗa kowane suna da uwar garkensa, in ba haka ba buƙatar za ta faɗi. Idan kuwa kamfanin haya ya toshe wannan hanya domin ya tilasta wa mutum sayen tasa takardar, a ganina wannan dalili ne isasshe na kwashe kaya a koma wani kamfanin.

Wanda ke da uwar garke tasa ta kansa, wadda yake shiga yana ba ta umarni a rubuce, shi zai yi amfani da wata manhaja, kuma wadda aka fi sani ita ce Certbot ta Electronic Frontier Foundation. Bayan an girka ta, umarni guda ne, certbot --nginx ga mai amfani da Nginx ko certbot --apache ga mai amfani da Apache, waɗanda manhajoji ne da uwar garke ke miƙa shafi da su. Abin da ke faruwa a bayan fage ya cancanci a fahimce shi, domin wanda ya fahimce shi ne kaɗai zai iya gyara idan abu ya lalace. Manhajar tana gaya wa Let's Encrypt cewa tana son takarda ga suna kaza. Hukumar ba ta tambayar ko kai wane ne, ba ta neman takardar rajistar kamfani ko katin shaida. Abu ɗaya take son ta gani, wato cewa kai ke da iko da wannan suna. Sai ta ba manhajar wata alama ta ce a ajiye ta a wani keɓaɓɓen lungu na shafin, sannan ta zo daga waje ta ƙofa mai lamba 80 ta duba ko alamar tana nan. Idan ta same ta, sai ta sa hannu ta miƙo takardar, manhajar ta ajiye ta, ta gyara saitin uwar garken domin ta fara amsawa ta ƙofa mai lamba 443, wadda ita ce ƙofar https. Duk wannan yakan kammala cikin ƙasa da minti ɗaya. Wannan tsarin tambaya da amsa ana kiransa ACME, an mai da shi ƙa'ida ta bai-ɗaya a 2019, kuma wasu hukumomin irin su ZeroSSL suna amfani da shi, don haka ba lallai sai Let's Encrypt ba.

Akwai hanya ta biyu ta tabbatar da iko, inda ake rubuta alamar a cikin rajistar DNS ta sunan maimakon a kan shafin. Ita ce tilas ga wanda ke son takarda guda mai rufe duk rassan sunansa, kamar makarantar da ke da reshen ɗaukar ɗalibai da na sakamakon jarrabawa da na ɗakin karatu, kuma Let's Encrypt ta fara ba da irin wannan takarda a Maris 2018. Shawarata ga mai koyo ita ce ya fara gwaji a dandalin gwaji da hukumar ta tanada, domin akwai iyaka ga yawan buƙatun da mutum zai aika: takarda iri ɗaya sak ba ta wuce biyar a mako, kuma na ga wanda ya cinye rabonsa cikin dare ɗaya yana ta maimaita kuskure guda, ya koma zaman jira.

Hanya ta uku ta samun https, bayan ta kamfanin haya da ta Certbot, ita ce kamfanin Cloudflare, wanda tun 2014 yake ba da https kyauta ga duk shafin da ya biyo da zirga-zirgarsa ta wurinsa. Hanya ce mai sauƙi, amma tana da tarko. Akwai wani saiti a cikinta mai suna Flexible, inda ake rufe bayani tsakanin mai ziyara da Cloudflare kawai, daga can zuwa uwar garken kuwa a buɗe yake tafiya. Mai ziyara zai ga komai daidai, alhali rabin hanya saƙonsa ba ambulan. Wanda zai bi wannan hanya ya ɗora takarda a kan uwar garkensa ma, sannan ya zaɓi saitin da ke tilasta a duba ingancinta.

Samun takardar rabin aiki ne. Dole a saita shafin ya riƙa tura duk wanda ya zo ta http zuwa https kai tsaye, a tabbatar takardar ta ƙunshi sunan mai www da kuma wanda babu shi, sannan a bi cikin shafin a gyara tsofaffin adiresoshin hotuna da sauran fayiloli da har yanzu ke farawa da http, domin burauza takan toshe irin waɗannan ko ta yi gargaɗi a kansu. Masu amfani da manhajar gina shafi ta WordPress su tuna su sauya adireshin shafin a cikin saitinsa. Daga nan sai a sa sunan a ma'aunin gwaji na SSL Labs, wanda shi ma kyauta ne, ya faɗi ko akwai takardar tsakiya da ta ɓace ko tsohuwar siga da aka bari a kunne.

Inda na fi so in tsaya, Malam Edita, shi ne batun sabuntawa, domin a nan ne shafukanmu suke faɗuwa. Takardar Let's Encrypt kwana 90 take yi. Da gangan aka taƙaita ta, saboda idan an sace mabuɗin sirri ɓarnar ba za ta daɗe ba, kuma saboda a tilasta wa mutane su bar na'ura ta riƙa sabuntawa da kanta maimakon dogaro da tunanin ɗan Adam. Certbot takan kafa wa kanta agogo ta riƙa dubawa kullum, kuma idan saura kamar kwana 30 takardar ta ƙare sai ta nemo sabuwa. Muddin babu abin da ya tare ta, mutum zai shekara da shekaru bai tuna da ita ba. Amma abubuwa suna tare ta, kuma ni kaina na taɓa zama sanadi. Akwai wani shagon sayar da yadi da nake kula wa da shafi, wata rana ina gyaran katangar tsaron uwar garken sai na ga ƙofa ta 80 a buɗe, na ce ai yanzu kowa ta 443 yake shigowa, na rufe ta ina jin na yi ƙwazo. Na mance cewa ta wannan ƙofar ce hukumar ke zuwa duba alama. Manhajar ta yi ta gwadawa tana faɗuwa a ɓoye har takardar ta ƙare, ana saura 'yan kwanaki salla, lokacin da shagon ya fi ciniki. Masu saye suka riƙa cin karo da jan gargaɗi mai cike allo, wasu suka kira mai shagon suna tambaya ko an yi masa kutse. Gyaran bai kai minti goma ba, amma kunyar ta daɗe. Da na gudanar da umarnin gwaji guda, certbot renew --dry-run, bayan na taɓa katangar, da na ga matsalar nan take.

A wancan lokaci aƙalla Let's Encrypt tana aika imel ɗin tunatarwa idan takarda ta kusa ƙarewa, ko da yake nawa ya tafi wani akwatin da ba na buɗewa. Yanzu ma wannan babu, domin hukumar ta daina aika irin wannan saƙo a Yunin 2025. Wanda ke son a tashe shi sai ya kafa wa kansa mai sa ido daban. Kada kuma wani ya ce zai guje wa wannan ɗawainiya ta hanyar sayen takarda mai dogon wa'adi. Tun Satumban 2020 babu takardar da burauza ke karɓa idan wa'adinta ya wuce kwana 398, kuma a Afrilun 2025 majalisar da ta haɗa hukumomin ba da takardu da masu ƙera burauza ta amince a ci gaba da rage wa'adin mataki-mataki: kwana 200 daga Maris 2026, kwana 100 daga Maris 2027, kwana 47 daga Maris 2029. Wannan ya shafi ta kuɗi da ta kyauta baki ɗaya. Makarantar da ta saba jiran a amince da takardar neman kuɗi kafin a sabunta satifiket sau ɗaya a shekara za ta tarar ana bukatar hakan kusan sau takwas, kuma babu ofishin akanta da zai iya wannan gudu.

Nakan ji ana cewa abin da aka samu kyauta ba ya kai wanda aka saya, ai araha ba ta ado. A wannan wuri karin maganar ba ta yi aiki ba. Ƙarfin rufe bayanin bai dogara da farashin takardar ba, ya dogara ne da sigar TLS da saitin uwar garken, kuma lissafin da ke kare shafi mai takardar kyauta shi ne ke kare mai ta kuɗi. Bambancin yana ga abin da hukumar ta bincika kafin ta sa hannu. Ta kyauta tana shaida iko da suna kawai, wasu na kuɗi kuwa suna ƙarawa da binciken rajistar kamfanin, abin da banki ko babbar ma'aikata za su iya buƙata saboda ƙa'idojinsu. A da burauza tana nuna sunan irin wannan kamfani a gefen adireshi, amma Chrome da Firefox sun cire wannan a 2019, don haka mai ziyara ba ya ma ganin bambancin. Biyan kuɗi kuma bai taɓa zama lamuni ba: DigiNotar na ƙasar Holan kamfani ne mai sayar da takardu, aka yi masa kutse a 2011 aka fitar da takardun bogi da sunan Google waɗanda aka yi amfani da su wajen leƙen asirin mutane a Iran, masu burauza suka janye amincewarsu, kamfanin ya rushe a shekarar. Ban ce kada a biya ma'aikaci ladan aikinsa ba, domin saitawa da sa ido aiki ne, kuma da shi muke ci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rubuta wa shugaban makaranta “kuɗin satifiket” a takardar biya alhali satifiket ɗin kyauta aka karɓo. A rubuta ladan kulawa da sunansa, kowa ya san abin da ya biya.

Wajibi ne kuma in faɗi abin da takardar ba ta yi, don kada wasiƙata ta zama sanadin yaudarar wani. Tun da hukumar iko da suna kawai take dubawa, ɗan damfara ma yana iya yin rajistar suna mai kama da na banki ko na hukumar gwamnati, ya karɓi takardarsa kyauta cikin minti ɗaya. Shafukan ɗaukar aiki na bogi da na rabon tallafi da ake yaɗawa a WhatsApp da yawansu https ne da su. Shekaru an yi ana koya wa mutane cewa idan sun ga kwaɗo to shafin amintacce ne, kuma wannan koyarwa ta yi ɓarna, har Chrome ta cire hoton kwaɗon daga gefen adireshi a 2023 ta sa wata alama daban saboda mutane suna yi masa wannan fassara. Abin da https ke cewa shi ne babu mai sauraro tsakaninka da wanda kake magana da shi. Ko wanda kake magana da shi mutumin kirki ne, wannan sai ka karanta sunan shafin harafi bayan harafi. Haka nan takardar ba ta hana a fasa uwar garken da aka bar manhajojinta suka tsufa, ko wadda kalmar sirrin mai kula da ita sunan makarantar ne da 123.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, saboda yawan tsofaffin wayoyi 'yan kwatano da ke hannun jama'a. Wayoyin Android da sigarsu ta gaza 7.1.1 ba su zo da babbar takardar Let's Encrypt a jerinsu ba. An daɗe ana lallaɓa su ta hanyar sa hannun wata tsohuwar hukuma, amma wannan dabara ta ƙare a 2024, don haka irin waɗannan wayoyi suna iya nuna gargaɗi a shafin da ba shi da laifi. Mafitar da aka ba mai irin wannan waya a lokacin ita ce burauzar Firefox, wadda ke tafe da nata jerin hukumomin. Sau da yawa kuma matsalar ba ta kai nan ba: agogon wayar ne ya koma wata tsohuwar shekara bayan an cire batir, sai ta ɗauka takardar ba ta fara aiki ba. Kafin a zargi mai shafi, a duba kwanan wata.

Ga shugabannin makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi a Nijeriya, maganar ta wuce ta ganin dama. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin ɗaukar matakan da suka dace domin tsare su, kuma yana da wuya wanda ke karɓar lambar shaidar ɗan ƙasa ta buɗaɗɗiyar hanya ya ce ya sauke wannan nauyi, alhali maganin bai ci ko kwabo ba. Ba sai shugaba ya iya ba uwar garke umarni ba. Ya isa ya kira wanda ya gina masa shafi ya tambaye shi ko takardar tana sabunta kanta, da kuma wa zai sani idan ta kasa. Ya kuma tabbatar rajistar sunan shafin da asusun hayar sararin suna da sunan ma'aikatar da imel ɗinta, domin na sha ganin inda ɗan kwangila ya tafi da kalmomin sirri a aljihunsa, aka wayi gari takarda ta ƙare babu mai iya shiga ya gyara.

Game da makarantar da na fara da ita, na sake kiran mai kula da shafin muka shiga allon sarrafawar tare ta waya, ina faɗa yana dannawa. Ashe kamfanin hayar ya daɗe da tanadar maɓallin, ba a taɓa taɓa shi ba. Kafin mu ajiye waya adireshin ya koma https, ɗan yayata ya cike fom ɗinsa a daren. Na rubuta ranar da takardar za ta cika kwana 60 a kalandata, zan leƙa in ga ko ta sabunta kanta.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai gina shafukan intanet,
Zariya, Jihar Kaduna.